Bidiyon kullum zai kawo maki masu saye?

Hajiya, kin ce kina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Maraɗi, an ba ki shawara ki riƙa zuba bidiyo kullum a TikTok da Facebook, kina tambaya ko zai ja ciniki. Ni dai ina da shakka, don na gwada da shagon takalmana.

Matsalar ita ce kayanki ba naki ke kaɗai ba ne. Zanen da kika ɗauko daga Kantin Kwari a Kano, ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo, kuma maƙwabtanki na layi suna da irinsa. Mace ta gani a wayarta, ya burge ta, gobe ta saya wurin wanda ya rage mata dala ashirin. Kin yi wa wani talla da kuɗin intanet ɗinki. Masu danna “so” kuma da yawa suna Yamai ko Kano, ba za su taɓa taka shagonki ba.

Abin da ya yi mini aiki shi ne WhatsApp. Na adana lambobin waɗanda suka taɓa saye, in sabon kaya ya sauka sai in tura masu hoto da murya, tunda ba kowa ke karatu ba. Gab da Sallah da lokacin bukukuwan aure, bayan an sayar da amfanin gona, nan ake samun amsa.

In dole sai kin yi bidiyon, ki nuna yadda ake gane atamfa mai zuba. Ki gwada wata biyu, kina tambayar kowace sabuwar mai saye inda ta ji labarinki.