'Yata tana karanta feminizim a jami'a, in cire ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, gidana yana Agege. 'Yata tana aji uku a jami'a a nan Legas. Na tarar suna wani darasi wai feminizim, kuma wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ya ce aƙidar ƙin maza da ƙin aure ce. Hankalina ya tashi. In cire ta in yi mata aure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka cire ta. Abin da take karantawa ra'i ne na nazari, wanda malaman Hausa ke kira ra'in matantaka. Tambayarsa ita ce: a gida da kasuwa da gwamnati, wa ke da ta cewa, wa ke yin aikin, wa ke cin moriyarsa?

Kuskuren da na gaji da ji shi ne a ɗauka aƙida ɗaya ce mai liman ɗaya. Mazhabobi ne da ba sa ga maciji da juna. Akwai masu neman gyaran doka, tun daga Mary Wollstonecraft da ta nema wa mata ilimi a Ingila a 1792, zuwa taron neman haƙƙin mata na garin Seneca Falls a Amurka a 1848, har matan Amurka suka sami ƙuri'a a 1920. Akwai 'yan Markisanci, masu bin tunanin Karl Marx, su damuwarsu girki da raino, aikin da ba a biya kuma ba a lissafa shi. Sai masu tsattsauran ra'ayi na shekarun 1960 da 1970, waɗanda wasunsu suka soki aure kansa. Wannan reshen kaɗai mai saƙon muryar ya tsinto ya yi wa sauran kuɗin goro. Bai karanta shafi ɗaya ba, amma saboda shi ana neman raba yarinya da digirin da saura ƙiris ta kammala. Wannan ɓarnar ta fi ƙona mini rai.

Mai saƙon bai kuma san matan Afirka sun riga shi sukar Turawan ba. Catherine Acholonu ta gina nata ra'in a kan martabar uwa, Obioma Nnaemeka kuwa a kan sulhu da sasantawa da maza. A 1989 Kimberlé Crenshaw, masaniyar shari'a a Amurka, ta nuna cewa jinsi ba ya tafiya shi kaɗai, yana haɗuwa da launin fata da talauci. Dubi mai dama fura a bakin layin dogo na Agege da manajar banki a Ikoyi: dukansu mata ne, amma ba abu ɗaya ke hana su barci ba.

Batun da wasu ke yi cewa feminizim kayan aro ne daga Turawa ma bai tsaya ba. A nan Legas, Alimotu Pelewura, Musulma mai sayar da kifi, ta jagoranci matan kasuwa suka yaƙi harajin mata da ƙayyade farashi lokacin yaƙin duniya na biyu. Funmilayo Ransome-Kuti da matan Abeokuta sun sa Alake, sarkin garin, ya sauka a 1949. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a NEPU, kuma matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976. Nana Asma'u ba ta taɓa kiran kanta 'yar feminizim ba, kada mu laƙaba mata, amma ta aika jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin zuwan Bature.

Ba na ce duk abin da ke cikin littattafan nan ya dace da addininmu ba. Wasu sun ci karo da shi ƙarara, kuma ɗaliba tana iya rubuta haka a jarrabawa ta ci maki, muddin ta kawo hujja. Ka zaunar da ita bayan isha'i, ka tambaye ta mazhaba nawa aka koya musu, wacce ta gamsu da ita, wacce ta ƙi, kuma me ya sa. Wurin da ya shige muku duhu ku kai wa malamin da ya san fiƙihun aure da gado, tare da takardun darasin a hannu.