Kada ka jefar da hirar farko

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, ban so in amsa maka a tsaitsaye ba shi yasa na bari sai yau. Kace matar nan 'yar Folan da ka yi hira da ita a Landan shekara biyu da suka wuce ta gaya maka shekara ɗaya ta rage mata ta tattara ta koma gida, yanzu ka koma tace ita ai tun ranar da ta sauka ta san zama ta zo yi, to wanne zaka ɗauka, ko ka watsar da ta farkon tunda ta ƙaryata kanta.

Kada ka watsar da komai, kuma don Allah ka cire kalmar ƙarya daga bakinka, wallahi ba ƙarya ta yi maka ba. Wannan abin da ya ɗaure maka kai shi ne ainihin abin da aka aike ka nema a binciken nan da kake yi kan 'yan Folan mazauna Birtaniya. Da ace mutum maganarsa ta bara zai maimaita maka bana, da babu mai kashe kuɗi da lokaci yana komawa.

Ka tuna yadda suka zo. Ranar 1 ga Mayu 2004 Folan ta shiga Tarayyar Turai, kuma cikin tsofaffin ƙasashen Tarayyar, Birtaniya da Ayalan da Suwidin ne kawai suka buɗe musu ƙofar aiki nan take, sai matasa suka yi ta kwarara, da yawansu da zuciyar ci-rani, a yi shekara ɗaya biyu a tara fam a koma, amma kafin kace kwabo ƙidayar 2011 ta nuna yarensu ne na biyu a Ingila bayan Turanci. Masu bincike John Eade da Stephen Drinkwater da Michał Garapich sun kasa waɗanda suka yi hira da su a Landan kashi huɗu, akwai shamuwa masu zuwa suna komawa, akwai masu tari irin na gafiya su tara jari su tafi gaba ɗaya, akwai masu lalube da suka ƙi yanke shawara da gangan, sai waɗanda suka zo zama. Rabon ya yi ma'ana, amma hoton rana ɗaya ne. Shamuwar bana tana iya yin sheƙa baɗi ta ƙi tashi, kuma ba yadda za a yi ka ga haka sai ka koma. Shi yasa masu bincike irin su Louise Ryan suka sake bin mutanen da suka taɓa hira da su bayan shekaru.

Akwai wata da na zauna da ita sau uku, aikin gyaran ɗakuna take yi a otal. Zuwan farko akwatinta na kan wadrob, taga ko labule babu, tace me zan yi da labule ni da zan tafi. Zuwa na biyu ga labule, ga yunifom ɗin yaronta a rataye bayan ƙofa, ranar Asabar kuma tana kai shi makarantar koyon yarensu, ta dage ita bata taɓa tunanin komawa ba. Ban tanka ba sai da muka kusa gamawa, nace akwai wata magana taki ta wancan karon, in karanta miki? Na karanta. Ta yi shiru tana ta juya cokali a kofin shayin da ya riga ya huce, can tace ni na faɗi haka? Sai ga shi ta ɓalle da labarin mahaifiyarta da ta rasu a tsakani, ashe don ita take tara kuɗin gyaran gida, da uwar ta tafi sai komawar ta tafi da ita har ta manta ta taɓa ƙudurta ta. Da na tare ta tun a bakin ƙofa da "amma ai kin ce", da kare kanta zata yi, wannan labarin kuwa har abada bazan ji shi ba.

To haka zaka yi. Kafin ka je ka saurari rikodin ɗin baya da kunnenka, kada ka tsaya a rubutaccen kawai, don inda ta yi dariya da inda murya ta sauka basa fitowa a takarda. In kun zauna ka fara da me ya faru tun rabuwarmu, ka barta ta zuba, tsohuwar maganar ka ajiye ta sai ƙarshe, kuma sai da izininta.

Sannan ka rubuta me gari yake ciki a ranar kowace hira. Wanda ka ji ta bakinsa a farkon 2016 da wanda ka ji bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta 23 ga Yuni ba ƙasa ɗaya suke tsaye ba, kwanaki kaɗan bayan ƙuri'ar aka yi rubutun ɓatanci a ƙofar cibiyarsu ta POSK da ke unguwar Hammersmith a Landan, fam ta faɗi, can gida kuma gwamnati ta fara biyan zuloti 500, kuɗin ƙasarsu, duk wata kan yara tun watan Afrilu na shekarar, daga baya ga rajistar izinin zama a Birtaniya da wa'adinta ya cika 30 ga Yuni 2021. Duk wannan yana shiga bakin mutum ko bai ambata ba.

Abin da nafi jiye maka shi ne sabo. Su suna da Pan da Pani na girmamawa, kamar Malam da Malama, in aka saba sai a koma "ty", wato kai ko ke, ranar da ta sauke maka wannan shingen zaka ji daɗi, amma daga ranar take mantawa da rikoda tana maka magana kamar ƙaninta. Amana ce. Duk zuwa ka sake neman yardarta sabuwa, sa hannun bara ba ya aiki bana. Kuma hira uku in aka jera su suna tona mutum ko ka canza suna, garinsu da aikinta da shekarun yaro da rasuwar uwa, 'yan cocinsu da karantawa ɗaya zasu gane ta, dole ka sauya wasu ka rage wasu.

Waɗanda lambarsu ta daina shiga kuma kada ka share su daga lissafi, sau da yawa su ne suka koma Folan ko suka wuce wata ƙasar, in ka tsaya kan waɗanda ka samu a sauƙaƙe zaka rubuta cewa kowa ya zauna alhali masu zaman kawai ka gani. Wanda ya baka imel ko Facebook tun farko da yardar a neme shi, ka tura masa saƙo sau ɗaya, in shiru ka ƙara ɗaya, daga nan ka ƙyale shi ka rubuta cewa bai amsa ba.

Ita kuma matar da kake hira da ita, ka ɗora hirarrakin biyu gefe da gefe ka ja layi a duk inda ta ambaci gida, ka duba wane gidan take nufi a kowanne, sai ka turo min mu duba tare kafin ka sa ranar komawa ta uku.