Suna cin tara cikin goma a waya, a takarda kuma su faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar lissafi ce a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, ina yi wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ƙarin darasi ta Zoom da WhatsApp saboda BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na tafe. Duk Juma'a nakan tura musu gwaji ta Google Forms, yawancinsu su ci tara cikin goma. Makon jiya na tara su na ba su irin tambayoyin a takarda, da yawa ko rabin maki ba su kai ba. Hankalina ya tashi, don da guminsu iyaye ke biyana. An ce in sayi manhajar da ke sa wa yaro ido ta kamara yayin gwaji. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gode wa Allah da kika gano wannan tun jarrabawa ba ta zo ba. Amma kada ki kashe ko sidi ɗaya a kan wannan manhaja.

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona nake fama da wannan kuskure a wajen horar da malamai, har na gaji: wai idan kamara na kunne, yaro ba zai saci amsa ba, kuma yana koyo. Kamara fuska take nunawa. Ba ta nuna miki wayar yayansa da ke kan cinyarsa, wadda manhaja irin Photomath za ta ɗauki hoton tambaya ta fitar da amsa har da matakanta kafin ki kifta ido. Ba ta nuna yayar da ke zaune bayan labule tana raɗa masa. Wanda ya yi niyyar sata ya riga ya gama. To wa kamarar ke kamawa? Yaron kirki da datarsa ta ƙare ana tsakiyar gwaji, ko wanda dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya hana shi cajin waya, sai a rubuta shi cikin waɗanda ake zargi. Kin fi ni sanin gidajen Nima da Mamobi: ɗaki ɗaya, mutum shida, uwa na tuƙa tuwo a ƙofa, ƙanne na guje-guje. Yarinyar da ta kashe kamara sau da yawa sirrin gidansu take rufewa, mu kuma mu ce mata mai ha'inci. Wannan zalunci ne, kuma masu tallar manhajojin nan ba su taɓa tsayawa gaban allo ba, kuɗinki kawai suke so. Haka wasu shugabannin makarantu da ke neman a turo musu hoton fuskoki arba'in a allon waya a matsayin shaidar an yi darasi. Shaidar halarta ce wannan, ba ta fahimta ba.

Matsalar tana cikin irin tambayar. Canki-canka a waya, amsa ɗaya ga kowa, yaro ɗaya ya warware ya watsa a rukuninsu. Ki bar Google Forms ya zama atisaye maras maki. Da zarar babu makin da za a ci, sata za ta ragu, ke kuma ki ga ainihin inda suke tuntuɓe.

Maki kuwa ki ɗora shi a kan aikin hannu. Kowa ya warware a littafinsa, ya ɗauki hoto ya turo, domin a takarda ta biyu ta BECE matakan aiki suna da makinsu. Sannan ki zaɓi yara uku ko huɗu ba tare da sanarwa ba, kowa ya turo saƙon murya na minti ɗaya yana bayanin yadda ya bi daga layi na biyu zuwa na uku. Da Hausa ko Turanci, duk ɗaya ne a wannan mataki. Wanda ya kwafa, a nan bakinsa zai sarƙe. Abin da na fi so shi ne ki ba su lissafin da aka warware da kuskure a ciki, ki ce su nemo shi su faɗi dalili.

Wajen koyarwa, minti 40 ɗin da Zoom na kyauta ke bayarwa ya isa. Kada ki yi minti goma kina magana ba ki jefa tambayar da kowa zai rubuto amsarta ba. Ki mayar da gyara cikin kwana biyu, ki ambaci kuskuren takamaimai, ba "ka ƙara ƙoƙari" ba.

Ki ci gaba da gwajin takarda sau ɗaya a wata. Kuma ki kira iyayen wannan makon ki nuna musu makin biyu gefe da gefe, ki roƙe su don Allah su hana yayye amsa wa ƙannensu, tunda ranar jarrabawa yaron shi kaɗai zai shiga zauren da bironsa.