Kafin ka zuba magani a kwamin kifi

Lawali, saƙonka ya iso ni. Ka ce a kwamin kifin zinariya na gidan Hajiya a unguwar Birni, babban kifin nan mai curin nama a ka yana juyewa ciki sama in an ba su abinci, sauran kuma suna taruwa a saman ruwa da asuba suna buɗe baki, sannan ga wasu biyu sun sa ɗaya a gaba da tunkuri. Kana tambaya wane magani za ka sayo. Kada ka sayo komai tukuna. Cikin ukun nan, ɗaya halinsu ne, ɗaya aikin mai ba da abinci ne, ɗaya ne kawai zai iya kashe su a dare guda, kuma shi ne ka ambata a tsakiya kamar ba komai ba.

Buɗe bakin nan na asuba ba yunwa ba ce, numfashi ne ya yi musu wuya. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, ruwa kuwa in ya yi zafi ba ya riƙe ta da yawa. A digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 9, a digiri 30 sai ta sauko wajen 7 da rabi, alhali a cikin zafin ne jikin kifin ya fi bukatarta. Kifin zinariya ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Kai ka san Damagaram a watan Afrilu da Mayu, ma'auni yana haura 40, siminti ya sha rana yini guda, ya kwana yana mayar wa ruwa da zafin. Ga kuma gansakuka da bado: da rana suna saka oksijin a ruwa, da dare su ma shaƙa suke yi, su da ruɓaɓɓen abincin da ya kwanta a ƙasa. Saboda haka lokacin da ruwa ya fi talaucewa shi ne gab da kiran sallar asuba. Wanda ya zo duba kwami da hantsi zai tarar da kowa na wasa, ya tafi ya ce lafiya lau. Manyan kifayen ne kuma suke fara mutuwa, wato masu tsadar.

Yau ɗin nan, tun kafin magariba, ka kafa rumfar zana ta rufe kamar rabin kwamin daga wajen yamma. Ka sa ruwa ya riƙa motsi: ƙaramin famfo da zai ɗaga shi ya zubo ta kan dutse, ko injin kumfa. Abin da ke shigar da iska shi ne karyewar fuskar ruwa, ba kyan maɓuɓɓugar ba. Ka lura da masu sayar da na sola, domin famfon da ba shi da batir yana aiki da rana lokacin da ba a matse ba, ya yi barci da dare lokacin da ake nemansa. In wuta ta ɗauke kuma ka gan su a sama, ka ɗebi ruwan kwamin da bokiti ka riƙa sheƙa shi daga tsaye, zai riƙe su zuwa fitowar rana. Sannan ka ƙirga su. Kwamin mita 2 a tsawo, mita 1 da rabi a faɗi, zurfin santimita 80, lita 2,400 ke nan, ni ba na wuce kifi goma sha biyu a irinsa a garin nan, ko da mai gida zai ce ya ga fili. Duk kwamin da za ka haƙa nan gaba kada zurfinsa ya gaza santimita 80, mita ɗaya ya fi, don ƙasan ya zama wurin fakewa. Wannan aikin a hunturu ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar ruwan kansa, wanda a nan ba abin wasa ba ne. Garin kan dutse yake zaune, daga nesa ake jawo mana ruwa, shi ya sa masu gida suka fi son a yi ciko kawai in ya ragu. A rani kana iya ganin ya sauka kusan santimita ɗaya a yini. Amma abin da rana ta ɗauke tsabtataccen ruwa ne, dattin da kifi ya fitar yana nan yana ƙara kauri. Ka kwashe kashi ɗaya cikin biyar kowane mako, daga ƙasa, ka kai wa shukokin Hajiya. Ba asara aka yi ba, taki ne. Wanda za ka mayar, in na famfo ne, ya kwana a buɗaɗɗiyar ganga yini da dare don sinadarin kulorin ya fice. In daga ga-ruwa ka saya, ka shinshina jarkar, kada ta kasance ta taɓa ɗaukar mai ko sabulu. Kuma kada kowa ya sa ka ka kwashe ruwan duka ka goge bango har ya yi fari. Santsin nan da ke jikin bango da duwatsu, a nan ƙananan halittun da ke narkar da gubar kashin kifi suke zaune.

Shi kuwa mai juyewa ciki sama, oranda ne, wani irin kifin zinariya, kuma matsalarsa ta girme mu duka. Kakan waɗannan kifaye wani kifi ne mai ruwan toka, siriri, a kogunan ƙasar Sin. Can aka fara ware waɗanda suka fito ja ko rawaya ana ajiye su, a zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, abin ya zama kiwo sosai. Daga baya aka shigo da su cikin kwanonin tangaran, ana kallon su daga sama, aka yi ta zaɓen mai gajeren jiki, mai tulun ciki, mai wutsiya biyu, mai fitattun idanu. Mutanen Japan suka karɓa suka ɗora nasu, irin su rancu wanda ko fiffiken baya ba shi da shi, da riyukin mai tozo. Duk abin da Hajiya ta biya kuɗi dominsa, a wajen kifin nakasa ce. A cikinsa akwai jakar iska wadda take daidaita shi a ruwa. Da aka dunƙule jikin, hanji da jakar nan suka matsu wuri ɗaya. Kifin zinariya kuma ba shi da tumbi, abinci daga maƙogwaro sai hanji. To in ya haɗiyi busassun ƙwayoyi masu yawo a sama, ya haɗa da iska, suka kumbura a ciki, sai ka ga gindi ya tashi, kai ya yi ƙasa, yana ta fafutukar nutsewa ruwa na mayar da shi.

Ka cire shi ka sa a babbar roba mai tsabta da ruwan kwamin, a inuwa, ruwan kada ya yi zurfi. Kwana uku ba abinci, ba abin da zai same shi. Rana ta huɗu ka ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare fatarsa aka murje, ƙwaya biyu ko uku. In ya miƙe, daga yanzu abincinsu mai nutsewa ne, ko a jiƙa shi kafin a zuba, sau biyu a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu, da ɗan dafaffen alayyafo wani lokaci. Abincin tarwaɗa da ake samu da araha an yi shi ne don kifin da za a yanka bayan 'yan watanni, maiƙonsa ya yi wa waɗannan yawa. In kuma bayan mako guda bai daidaita ba, ka gaya wa Hajiya gaskiya: wani haka zai ƙare rayuwarsa, yana ci yana iyo a karkace.

Wahalar ita ce hana mutanen gidan. Kifayen nan maroƙa ne na gaske. Suna gane mai ba su abinci, suna riƙe lokacin, har takun mutum suna ji ta cikin ƙasa. Ka tsaya a bakin kwami ka ga yadda suke tahowa gaba ɗaya, baki a sama, oranda a baya yana kaɗa duk jikinsa don ya cim musu, wani har ya tsotsi yatsanka. Masu cewa kifi ba ya tuna komai bayan daƙiƙa uku ba su taɓa kiwonsa ba, an gwada an ga yana riƙe abin da ya koya har watanni. Hajiya ta zuba, jikoki su zuba burodi, mai gadi ya ji tausayi ya ƙara tuwo. Mutum ɗaya za a ɗora wa ciyarwa, a auna na yini a murfin kwalba, a ɓoye sauran.

Masu tunkuri, bar su. Maza ne ke bin mace don ta saki ƙwai, kuma sun fi yin haka da sassafe in hunturu ya fara janyewa ruwa ya soma ɗumi, ko bayan an canza musu ruwa. Ka duba marfin kunnen mazan da gaban fiffiken ƙirji, za ka ga ƙananan fararen ƙuraje a jere. Alamar balaga ce. Kada ka rikita su da cutar farin ɗigo, wadda take watsuwa ko'ina har wutsiya, kifin yana goga jikinsa a bango yana maƙe fiffike. Ita ce ke son a ware kifi a sa masa gishirin da ba a haɗa shi da komai ba, giram 2 zuwa 3 a kowace lita. In macen ta galabaita ka raba su yini ɗaya. Ƙwan yana manne wa saiwar kainuwa, cikin kwana biyu zuwa huɗu ya ƙyanƙyashe, amma iyayen za su bi su cinye in ba ka ɗauke kainuwar zuwa wata roba ba. 'Ya'yan za su fito masu duhu, sai bayan watanni su yi ja, kuma kaɗan ne cikinsu za su yi kyan iyayen.

Abin da ban so a kwamin nan shi ne komet ɗin da aka zuba musu, dogayen nan masu wutsiya ɗaya waɗanda aka fitar a Amurka wajen shekarun 1880. Haɗa su da oranda tsere ne tsakanin mai gajeren wando da mai babbar riga. Kafin baƙin kifin nan mai fitattun idanu, wanda da hanci yake laluben abinci, ya gano inda aka zuba, an share wurin. Ko a raba su, ko a ciyar a kusurwa biyu lokaci ɗaya. Shi baƙin, ka shaida wa Hajiya tun yanzu cewa a ruwa mai ɗumi irin namu yakan rikiɗe ya koma launin ruwan lemo, kada a ce an musanya shi. Ka cire duk dutse mai kaifi saboda idanunsa.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa bukatar komai. Za ka ga suna tsotsar tsakuwa suna tofarwa, kiwo suke yi, ka dai tabbata tsakuwar ta fi ƙarfin bakinsu. Za su tone bado, sai ka danne tukunyarsa da manyan duwatsu. Da dare ka haska fitila ka gan su tsaye cik kusa da ƙasa, ido buɗe, launi ya kwashe: barci ne, ba su da fatar ido. Zalɓe da kyanwa kuwa sun fi son masu tafiyar hawainiya, raga a sama ta wadatar. Ranar da za a yi feshin maganin sauro a tsakar gida, a rufe kwamin ruf da leda sai iska ta ɗauke, domin ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe su duka, su kuwa da ma suna cinye 'ya'yan sauron da ke cikin ruwan.

Gobe ka je bayan sallar asuba da ma'aunin zafi, ka auna sama ka auna ƙasa, ka ƙirga nawa ne a saman ruwa, ka aiko mini. In sun haura rabi duk da rumfa da famfo, komet ɗin za mu fara kwashewa, akwai wuri a kwamina.