Zargi, tuhuma, da maganar "abokin ɓarawo ɓarawo ne"

Wata baiwar Allah daga Tawa ta aiko da tambaya. Ƙanenta ya sayi wayar salula a hannun wani a kasuwa, ashe ta sata ce, 'yan sanda suka tafi da shi. Unguwa ta ɗauka: abokin ɓarawo ɓarawo ne. Tana so ta san ko karin maganar ta hau kansa, da kuma bambancin zargi da tuhuma.

'Yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Zargi kowa yana iya yinsa: maƙwabci, mai kayan, ɗan sandan da ya zo kamu. Zato ne aka furta, bai zama hujja ba. Tuhuma kuwa, wadda muka aro daga Larabci, a bakin kotu ta fi nauyi: hukuma ce ta ambaci sunan laifin, ta ce ga abin da za a amsa gaban alƙali. Shi ma wanda ake tuhuma bai zama mai laifi ba sai an yanke hukunci. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji an ce "an kama masu laifi" tun mutane suna cikin motar 'yan sanda. Wannan furuci yana ɓata sunan gida shekara da shekaru, ko da an sallami mutum washegari.

Karin maganar da ake jifanku da ita, iyaye suka yi ta don jan kunnen yaro ya kula da wanda yake bi, kuma a nan tana da gaskiya. Amma kotu ba ta ɗaure mutum don abota. Abin da kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa na 1961 ne, ya hana shi ne karɓa ko ajiye kayan sata da sani. Kalmar "sani" ɗin nan ita ce shari'ar ƙanenki gaba ɗaya. A ina ya saya, gaban wa, nawa ya biya? Wanda ya biya kuɗin da aka saba da rana tsaka, gaban shaidu, yana da bakin magana. Wanda aka miƙa wa wayar jika ɗari a kan jika goma a lungu, da wuya alƙali ya yarda bai sani ba. Ki nemo waɗanda suka ga cinikin tun yanzu.

Tsarewa a komisariya ko jandarmari tana da iyaka. A laifuka irin wannan awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Shari'ar ta'addanci tana da nata lissafin. Wata doka ta 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga kamu, kuma hukumar ANAJJ, da aka kafa a 2011, aikinta taimaka wa marasa hali ta fuskar shari'a. Bayanin da zai bayar da Hausa, da Faransanci za a rubuta shi. Baki shi ke yanka wuya, to balle takarda. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa an fassara masa.

Wani ɗan kasuwa a Yamai ya tambayi ko mutumin da ya ba kaya don ya sayar masa, shi kuma ya cinye kuɗin, ɓarawo ne. Alhaji, Hausa ta raba su. Sata ɗauka ce ba da izini ba, fashi da ƙarfi ko makami, damfara da yaudara har mai abu ya miƙa da hannunsa. Naka cin amana ne, domin kai ka danƙa masa bisa sharaɗi. Doka ma ta ware shi daban, don haka in za ka kai ƙara, ka tafi da takardar yarjejeniya ko shaidun da aka yi maganar gabansu.