Malam, kalmar "get" ta hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sau biyu ina zana WAEC, Turanci ne ke kayar da ni. Kalmar da ta fi rikita ni ita ce "get". An koya mana cewa ma'anarta samu, amma sai in ga "get angry", "get home", "get up", babu inda samu ya shiga. Na fara haddace ƙamus, ina harafin C kaina ya ɗau zafi. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ajiye ƙamus ɗin nan tukuna, ka amsa mini: mece ce ma'anar ci? Mutum ya ci tuwo, ya ci bashi, ya ci zaɓe, ya ci amana, kasuwa ta ci, wuta ta ci rumfa. Ka taɓa zama ka haddace waɗannan? Abin da ya biyo bayan ci shi ke gaya maka inda aka dosa. To haka "get" take wurin Bature.

Dubi maƙwabciyarta kawai. In sunan abu ya biyo, samu ne ko karɓa ko saye, kamar "get a letter". In siffa ce, hali ne ya sauya: "get angry" ya fusata, "get tired" ya gaji. In wuri ne, isa ake nufi, "get home" ya isa gida. "I don't get it" kuwa ban gane ba. Su "get up", tashi, da "get over", warwarewa daga ciwo ko baƙin ciki, ɗauke su dunƙule kamar yadda ka ɗauki cin fuska, kada ka fasa su.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya ce maka "get" samu ce, ya tsaya nan, shi ya cuce ka. Kullum sai na gamu da wannan cuta ta kalma ɗaya ma'ana ɗaya. Malami ya tsaya gaban allo da bulala, yara na rerawa "go" tafi, "come" zo, "get" samu, sai ka ce karatun aku. Daga nan 'yan ƙananan littattafan da ake tallatawa a tasha su ɗora, wai ka iya Turanci cikin kwana 30. Yanzu kuma ga masu bidiyo a TikTok, kowa farfesa. Babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, ya jera wa fi'ilin "set" ma'anoni 430, da aka sake bitar "run" a 2011 aka samu 645. Su masu harshen ke nan. Amma wani na zaune a rumfa yana sayar maka da ma'ana ɗaya tal a kan naira ɗari biyar!

Kuma abin ba a jarrabawa ya tsaya ba. Wani tsohon ɗalibina da ke neman aiki ya so ya ce wa mai kamfani zan same ka a ofis gobe. Ya juya kalma bayan kalma, ya tura saƙo: "I will get you tomorrow." A kunnen mai jin Turanci wannan barazana ce, kamar ka ce za ka gamu da ni. Mutumin bai sake ɗaga wayarsa ba. Yaron ya kawo mini saƙon yana rantsuwa bai zagi kowa ba. Na ce ai ka yi abin da ya fi zagi. "I will see you" kawai ya kamata ya rubuta.

Sai tarko na biyu, Turancin buroka. A kasuwa "I get two brothers" daidai ne, kowa zai gane ka, amma a takardar WAEC jan biro zai hau kanta, "I have" ake so. "Gotten" kuma da kake ji a bakin Amurkawa ba kuskure ba ce, sai dai a Ingila "got" aka saba, ita za ka riƙe a jarrabawa.

Ka sayi ɗan littafin rubutu. Duk inda ka ci karo da "get", a jarida ko a tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kwafe jimlar gaba ɗayanta, ka rubuta yadda Bahaushe zai faɗe ta a ƙasa. Jimla biyar a rana ta isa. Bayan wata ɗaya ka turo mini hoton shafukan in duba maka.