Dalilin da ya hana ni cire tamostat ɗin motar Alhaji

Jiya da yamma muna wanke hannu ka tambaye ni, ka ce: "Oga, tunda zafi motar nan take yi, me ya sa ba mu cire tamostat, abin nan mai daidaita zafin ruwan injin, mun haɗa fanka kai tsaye ba, kamar yadda ake yi ko'ina? Ga shi mun ɓata kwana biyu a kanta." Ban ba ka amsa ba saboda an kira magariba. Kuma tambayar ba ta tsaye ba ce, don haka zauna ka ji, ɗana. Na ji daɗi da ka yi ta, domin yaron da ke ganin abu ya yi shiru ba ya zama bakanike.

Fara da sanin motar da ke gabanka. BMW 740i ce, cikin jerin da ake kira E38, waɗanda aka ƙera daga 1994 zuwa 2001. Wannan ta 2000 ce, injinta M62 mai silinda takwas, lita 4.4, kuma gangar jikin injin da kawunansa biyu duk alminiyam ne. Riƙe wannan da kyau. Tsohon injin da aka zuba da baƙin ƙarfe yakan yi zafi ya huce, washegari ka tayar da shi ya tashi. Alminiyam ba ya yafe wannan. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa kan injin, ta ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da gangar jikin injin, wani lokaci ma zaren da kusoshin kan ke kamawa a jikin injin ya saki. Kuma a nan kai biyu ne, ba ɗaya ba.

To me Alhaji ya faɗa da ya kawo ta? Cewa ya yi duk bayan kwana uku sai ya ƙara ruwa, amma allurar zafi ba ta taɓa barin tsakiya ba, sai ranar da ya shiga cunkoso da esi a kunne, tururi ya taso daga bonet. Kai zafin ka ji a maganarsa. Ni ƙarin ruwan na ji. Motar da ake ƙara wa ruwa duk kwana uku tana zubar da shi a wani wuri, kuma zafin ya biyo baya ne. Ita allurar nan kada ta yaudare ka. An yi ta ne yadda za ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin yana hawa yana sauka da tazara mai yawa, don kada hankalin direba ya tashi. Kafin ta motsa ta nufi ja, aikin gama ya kusa gamawa. Shi ya sa ka ga na jona kwamfuta ina karanta lambar zafin daga can, ban kalli allura ba.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka a kai. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa ne a digiri 100. Amma injin nan da gangan aka tsara shi ya yi aiki a wajen 105, don ya ƙone mai sosai, ya rage hayaƙi. Yaya za a yi ruwa ya kai 105 bai tafasa ba? Matsi. Idan ka rufe ruwa ruf ka matse shi, ba ya tafasa sai zafin ya haura sosai. Murfin tankin ruwan motar nan, ka duba za ka gani, an yi shi ne ya riƙe matsi har bar 2 a ma'aunin matsi, kuma a irin wannan matsin ruwa sai ya wuce digiri 130 kafin ya tafasa. Ke nan duk wannan tsari, daga lagireto zuwa tiyo zuwa tanki zuwa murfi, tukunya ce guda rufaffiya. Da zarar an sami tsaga ko da kamar silin gashi ce, matsi ya gudu, ruwan ya fara tafasa a cikin injin, kumfa ta taru a famfo, famfo ya riƙa juya iska maimakon ruwa. Injin lafiyarsa ƙalau, tamostat lafiyarsa ƙalau, amma mota tana zafi. Ka cire tamostat a nan, me ka gyara? Tsagar tana nan inda take.

Kuma cire shi ba barin abu yadda yake ba ne, ɓarna ce sabuwa. Mutane na ɗauka tamostat ƙofa ce kawai da ke tare ruwa, in an ɗauke ta ruwa ya wuce a sake. A irin waɗannan injina aiki biyu yake yi. Akwai gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya zagayo cikin injin ba tare da ya je lagireto ba, don injin ya yi saurin ɗumi da safe. Idan tamostat ya buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana toshe waccan gajeriyar. In ka cire shi, hanyoyin biyu sun zama a buɗe, ruwa kuwa mai sauƙi yake bi. Sai wani kaso ya riƙa zagayawa da zafinsa bai taɓa ganin lagireto ba. A kan babbar hanya iska za ta rufa maka asiri, injin ma ya yi sanyi fiye da kima, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba ta ci gaba da zuba masa mai da yawa. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, mai mota ya dawo yana kukan shan mai. A cikin gari kuma, ranar da aka tsaya a rana tsaka a watan Afrilu, zafin ya dawo. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ban da haka, tamostat ɗin wannan motar yana da waya, kwamfuta ce ke ɗumama shi ya buɗe da wuri idan an taka mota da ƙarfi. Ka cire shi ka bar kwamfuta tana neman abin da babu.

Ka tuna abin da muka yi da farko? Mun bar ta ta huce, muka ɗaura famfon gwaji a bakin tanki muka hura, muka zuba wa agogonsa ido. Cikin minti kaɗan allurarsa ta fara sauka. Sai muka bi da tocila. A wuyan lagireto na sama, inda babban tiyo ke shiga, ka ga wani farin gari-gari ya bushe ya yi layi zuwa ƙasa. Sawun ruwa ke nan da ke tsartuwa yana bushewa kafin ya kai ƙasa, shi ya sa Alhaji bai taɓa ganin ɗigo a inda yake ajiye ta ba. Da na kama tiyon na girgiza a hankali, wuyan ya ɓalle a hannuna. Na ba ka ka riƙe. Robar da ta fito baƙa wuluk daga kamfani ta koma ruwan ƙasa, ka murza ta da yatsa ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Shekara ashirin da 'yan kai tana zafi tana hucewa, ga matsi, ga ranar ƙasarmu. Ba laifin kowa ba ne, ƙarfinta ne ya ƙare.

A nan ne na rubuta wa Alhaji jerin kayan da ka ga ya yi tsaki a kai: lagireto, tanki da murfinsa, tiyo na sama da na ƙasa, famfon ruwa, tamostat, kulocin fanka da fankar kanta. Kai ma na ga fuskarka, kana ganin na yi yawa. Bari in gaya maka inda na koyi wannan. Ina da ƙuruciya a sana'a aka kawo mini ƙaramar 'yar'uwar wannan motar da fasasshen lagireto. Na canja shi kaɗai, don in sauƙaƙa wa mai ita. Sabon lagireto ya riƙe matsi yadda ya kamata, matsin da tsohon tankin ya daɗe bai ɗauka ba. Ba a yi wata guda ba tankin ya tsage a kan hanyar Zariya, ruwa ya zube gaba ɗaya, direba bai lura ba sai da injin ya mutu. Mutumin nan bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Da ka faɗa mini ai da na saya." Har yau maganar tana ci mini rai. Robobin nan tare aka haife su, tare suka tsufa. In ka toshe wuri ɗaya, matsin zai nemi na gaba da ya fi rauni.

Kuma na ce masa kada a kawo mana na Beljiyam a waɗannan. Ƙofa, fitila, kujera, ko giya ma, a sayo na hannu a Ƙofar Ruwa ba laifi. Amma tankin roba da aka ciro daga wata motar ta 2000, shekarunsa ɗaya da wanda muka cire.

Fankar da ka ce a haɗa kai tsaye, motar nan biyu gare ta. Babbar tana jikin famfon ruwa, da kuloci mai wani mai kauri a ciki wanda ke kamawa idan iska mai zafi ta buge shi. Idan ya mutu fanka za ta riƙa juyawa ido na gani, amma ba ta jan iska. Shi ya sa mota ke lafiya a guje, ta yi zafi a tsaye. Ka gwada shi injin na kashe bayan ya yi zafi: ka tura fiffiken da yatsa, in ya yi ta juyawa sakaka, ya gama aiki. Wasu sukan ɗaure shi da kusa ya zama dindindin. Kada ka taɓa yin haka. Tsohuwar fankar roba da ke gudu daidai da injin tana iya tarwatsewa, ta fasa lagireto, ta tsinke tiyo, ta lotsa bonet daga ciki. Notinta kuma, sifana 32, zarensa a juye yake, ɓangaren da kake ɗaure sauran notuna nan ne ake kwance shi. Ta biyun ta lantarki ce a gaba, kwamfuta ke ba ta umarni, musamman idan esi na aiki. Ta Alhaji mun gwada tana tashi. Mun dai wanke ƙura da ledoji da suka cushe tsakanin lagireto da na esi, wanda kai da kanka ka ga yawansu.

Kafin in bar shi ya kashe ko sisi, sai da na tabbatar injin bai riga ya tafi ba, don ba amfanin sa sabon lagireto a kan ƙonannen gasket. Mun buɗe murfin baƙin mai, babu wannan kumfa mai kama da shayi da madara. Salansa ba ya fitar da farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi. Sannan muka ɗora kwalbar gwajin nan mai shuɗin ruwa a bakin tanki injin na aiki. Da hayaƙin silinda yana shiga ruwa, da shuɗin ya koma rawaya. Bai canja ba. A nan na yi hamdala.

Akwai wurare biyu da nake so ka riƙa tunawa a wannan injin, don suna wahalar da wanda bai sani ba. A tsakanin kawunan biyu, ƙarƙashin bututun iska, akwai wani faranti da ke rufe hanyar ruwa, da bututai masu zoben roba da suka taso daga bayan famfo. Idan suka fara yoyo, ruwan yakan taru a kwarin ya gangara ta bayan injin, kusa da giya, sai ka yi ta nema a gaba ba ka ga komai ba. Na biyu, altanetan wannan samfurin da ruwan injin ake sanyaya shi, don haka shi ma wurin yoyo ne. Sannan ƙarar nan ta 'yan daƙiƙu da muka ji da safe, na faɗa wa Alhaji gaskiya: tana iya zama daga robobin da sarƙar injin ke bi a kai, su ma zafi da shekaru ke cinye su. Wannan aikin wata rana ne, amma kada ya yi nisa.

Saura ruwan da za mu zuba gobe. Ba na rijiya ba, ba na famfo ba, ba fiya wata ba. Ka leƙa cikin butar mai shayin bakin gareji ka ga farin dutsen da ya kama gindinta. Haka yake kama siraran hanyoyin lagireto, kuma ruwa zalla yana cin alminiyam. Shuɗin kulan, wato ruwan sanyaya injin da ake sayarwa, za mu sa rabi, rabi kuma tataccen ruwa, irin na batir wanda babu asid a ciki. Kai za ka zuba, ina tsaye. Ka ɗaga gaban motar kaɗan, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kai hita ƙarshen zafi don hanyoyinta su buɗe, ka sassauta ƙaramin sukurun fitar da iska, ka riƙa zubawa a hankali har ruwa ya fito ba kumfa. Sukurun roba ne, da yatsu biyu za ka ɗaure shi. Bayan nan mu sake hura matsi, mu tayar, mu kunna esi mu bar ta a tsaye rabin sa'a muna kallon lamba a kwamfuta. In ta yi zafi kada hannunka ya je kusa da murfin nan sai ta huce. Ka zo da wuri, kuma ka biya ka karɓo tataccen ruwan lita shida tun a hanya.